Baƙon Da Ke Shiga Gida Ba Sallama

Bisa al'adarmu ta Hausawa, kowane irin baƙo ya zo gari sai ya fara sauka ƙofar mai gari, a tambaye shi daga ina ya fito, ina za shi, me kuma ke tafe da shi. In malami ne mai wa'azi, sai an kai shi wurin liman ya ji irin karatunsa tukuna, sa'an nan a shimfiɗa masa buzu a bakin kasuwa. A zamanin En'e kuwa abin har ya fi haka tsanani, gama ɗan mishan ba shi da ikon kafa ko da bukka a ƙasar sarki sai da yardar sarki da ta Razdan. To, ga shi yanzu mun sami wani irin baƙo wanda ba ya bi ta ƙofar dagaci, ba ya sallama a zaure, sai dai ka tarad da shi tsakar ɗaki yana magana da matanka da 'ya'yanka. Baƙon nan shi ne mai wa'azin talabijin. Yau ina so mu duba masu wa'azin bishara na Kirista waɗanda ake kamawa ta tauraron ɗan'adam, mu ga abin da zuwansu ke jawowa a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan.

Na san wani zai ce, ina ruwanmu da wannan, alhali ƙasar nan ta Musulmi ce? Wanda duk ya faɗi haka bai san ƙasar ba sosai. Gaskiya ne Musulmi su suka fi yawa nesa ba kusa ba, amma akwai Hausawa Kirista a ƙauyukanmu, kuma ba jiya suka fara ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi aka kashe wani malami mai suna Ibrahim a kasuwar Kano saboda abin da yake karantarwa game da Annabi Isa, almajiransa da ake kira Isawa suka watsu wajen Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka zo Zariya wurin Likita Miller, aka kafa musu gari a Gimi, nan ƙasar Maƙarfi. Ciwon barci ya yi musu ɓarna mai yawa, sauran suka koma Zariya, daga nan aka tashi da su zuwa Wusasa a 1929. Daga baya kuma Maguzawan ƙasar nan, da suka bar tsafi, waɗansu suka musulunta, waɗansu suka shiga Kirista, har yanzu Ikara tana da bishop nata na ɗariƙar Angalikan.

Mutanen nan ba baƙi ba ne. Daga cikin Kiristan Wusasa aka sami Likita R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar 'yan boko. Daga cikinsu aka sami Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, wanda ya yi wa Sardauna aikin likita, ya kuma riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A ƙauyuka kuwa sau da yawa za ka ga wa Musulmi ne, ƙane Kirista, gonarsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya, motar da ke kwasar rakensu da tumatirinsu ɗaya. Saboda haka abin da ke shiga kunnen ɗayansu da dare ya shafi ɗayan da safe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona. Kwanan baya da hunturu, lokacin da ake saran rake ana dafa mazarƙwaila, na sauka gidan wani abokina Kirista da muka yi makaranta tare, a wani ƙauye tsakanin Maƙarfi da Ikara. Da aka ci tuwo sai yara suka jona talabijin da batirin sola, ga farantin satalayit ɗaure a jikin bishiyar darbejiya. Aka kamo wani mai wa'azi daga Ikko, ya sha kwat, yana ta zuba Turanci, jama'a suna faɗuwa gabansa, lambobin ajiyar banki suna ta wucewa a ƙasan hoton. Wani yaro ɗan sakandare yana fassara wa manya gwargwadon abin da ya kama. Tsohon gidan ya yi shiru yana kallo, can sai ya juyo ya ce mini, "Malam, mutumin nan yana da baki, ba ƙarya. Amma ran da uwar yaran nan ta rasu, faston ƙauyenmu da Liman maƙwabcina su suka zauna da ni kwana uku." Maganar tsohon nan ita ce gindin abin da zan faɗa.

Asalin Al'amarin

Wa'azin Kirista ta iska ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A 1954 'yan mishan na SIM suka buɗe gidan rediyon ELWA a Monrobiya ta ƙasar Laberiya, ana jin shirye-shiryensa na Hausa a Arewa. A 1963 ɗariƙar Lutaran ta kafa wani a Addis Ababa, sashensa na Hausa shi ne Muryar Bishara, har sojan Habasha suka karɓe gidan a 1977. Amma a lura da abu ɗaya. A Jos ake shirya maganganun nan, da Hausa, a bakin mutanen da suka tashi cikin Musulmi, suka san abin da ake faɗa da abin da ba a faɗa. Ko da mai sauraro bai yarda da saƙon ba, ya san da harshensa ake magana, kuma ya san inda zai aika da takarda in an ɓata masa rai.

Talabijin kuwa Gwamnati ce ta kawo shi. Jihar Yamma ta fara a Ibadan ran 31 ga Oktoba 1959, Jihar Arewa ta buɗe nata a Kaduna cikin Maris 1962, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello. A 1977 aka tattara gidajen talabijin duka ƙarƙashin hukumar NTA. A shekarun nan Gwamnati ce ke riƙe da linzami, ita ke raba lokaci, Musulmi su sami nasu ran Jumma'a da watan azumi, Kirista su sami nasu ran Lahadi da Kirsimeti. Ko mutum ya yaba wannan tsari ko ya kushe shi, an dai san wanda za a kama in magana ta karkace.

Irin wa'azin da muke gani yanzu daga Amurka aka ɗauko salonsa. Can ne Oral Roberts ya fara nuna taron warkarwa a talabijin a 1954. Pat Robertson ya kafa kamfanin CBN a 1960, Paul Crouch da matarsa suka kafa TBN a 1973. Da suka tara masu kallo sai suka tara kuɗi, da suka tara kuɗi sai suka shiga siyasa. Jerry Falwell ya kafa ƙungiyarsa a 1979, ta goyi bayan Ronald Reagan a zaɓen 1980, shi Robertson kuwa da kansa ya nemi jam'iyyarsa ta tsai da shi takarar shugaban ƙasa a 1988, bai samu ba. A 1987 Oral Roberts ya gaya wa masu kallonsa cewa in ba a tara masa dala miliyan 8 ba Allah zai ɗauki ransa, aka kuwa tara. A 1989 kotu ta ɗaure Jim Bakker saboda zambar kuɗin mabiyansa. Watau alherin abin da sharrinsa duka an riga an gani a gidansa na asali.

A Nijeriya Benson Idahosa na Binin shi ne ya yi fice da wannan salo tun shekarun 1970, ya rasu a 1998, waɗanda suka biyo bayansa suka fi shi kayan aiki. A 1992 Gwamnatin soja ta yi doka mai lamba 38, ta kafa hukumar NBC, ta yarda 'yan kasuwa su buɗe gidajen rediyo da talabijin. Dokar ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasin, sai masu wa'azi suka koma sayen lokaci a gidajen waɗansu. A 2004 hukumar ta hana nuna mu'ujizar da ba a tabbatar ba. Me ya faru? Sai manyan masu wa'azi suka hau tauraron ɗan'adam, inda hannun hukuma ba ya kaiwa sosai. Chris Oyakhilome yana da LoveWorld, marigayi T. B. Joshua ya buɗe Emmanuel TV a 2006, sauran manyan majami'u kowa ya buɗe nasa. Yanzu kuma ko faranti ba a bukata, wayar hannu ta isa. An toshe ƙofa, baƙo ya shigo ta indararo.

Amfani Da Illa

Kada son zuciya ya hana mu faɗin gaskiya, abin nan yana da amfani ga masu shi. Tsohuwar da ƙafa ta hana ta zuwa majami'a tana samun addu'a a ɗakinta. Kiristan da ke zaune a ƙauye, su gida biyar cikin gida ɗari, in ya ga dubban mutane suna sujada irin tasa sai ya ji ba shi kaɗai ba ne a duniya, kuma mutumin da hankalinsa ke kwance ya fi daɗin maƙwabtaka. Akwai masu wa'azin da ke horon samari su bar giya da ƙwaya da zina, su kama sana'a, su girmama iyaye, wannan kuwa ba Musulmin da zai ƙi shi. Wanda duk ya ce wa'azin talabijin sharri ne gaba ɗaya ya yi wa mutane ƙazafi.

Amma akwai illa uku da nake tsoro. Ta farko ita ce ta kuɗi. Lokacin talabijin da tsada yake, wanda ya saya kuwa dole ya mai da kuɗinsa, ba shi da inda zai samo su sai aljihun mai kallo. Daga nan aka sami koyarwar da ke cewa ka shuka kuɗi wurin bawan Allah, ka girbe riɓi ɗari. Manomin rake a Hunƙuyi ko mai tumatir a Ikara ya san shuka, ya san sai an yi noma an sa taki, sa'an nan kuma a jira. In aka ce masa akwai shukar da ba ta bukatar fartanya, ranar da tumatir ya faɗi a kasuwa yana iya ɗaukar kuɗin taki ya tura wa wanda bai san sunansa ba. Kuɗin nan daga ƙauye suke fita su tafi birni, ba su komowa. Majami'ar ƙauyensa da ke yoyo da damina, da faston da ke noma da hannunsa don ya ci, su ke asara. Manyan malaman Kirista da yawa sun daɗe suna sukan wannan koyarwa, ba ni na fara ba.

Ta biyu ita ce ta lafiya. Ba na jayayya da kowa kan cewa Allah ke warkarwa, Musulmi da Kirista duk mun yarda da haka. Amma gani ya kori ji, kuma hoto yana iya ƙarya fiye da baki. Mai kallo yana ganin wanda ya jefar da sanda ya tashi, ba ya ganinsa bayan mako guda. In mai tarin fuka ko ciwon sukari ko ƙanjamau ya bar shan magani don ya ɗora hannu kan gilashin talabijin, ran da ciwo ya komo mai wa'azi ba ya nan. A 2021 hukumar da ke kula da gidajen talabijin a Ingila ta ci tashar LoveWorld ta can tarar fam 125,000 saboda maganganun da ba su da tushe game da annobar korona. Cikin Janairu 2024 BBC ta fito da binciken da waɗansu tsofaffin almajiran T. B. Joshua suka ce ana shirya waɗansu mu'ujizai ne, majami'ar ta ce zargi ne maras tushe. Ba ni ne alƙali ba. Abin da nake cewa shi ne, 'yan mishan na farko da suka zo Wusasa sun yi addu'a, sun kuma gina asibiti, ba su ce ɗaya ya isa ba.

Ta uku ita ce mafi girma, watau ta zaman tare da siyasa. Mai wa'azin da ke tsaye a Ikko ko Abuja yana magana da taron da kusan duka addininsu ɗaya. In ya yi maganar abokan gaba, ko ya ce ana shirin cinye ƙasa, ko ya nuna wanda Allah ya zaɓa a zaɓe mai zuwa, taron su yi sowa, kowa ya shiga motarsa ya tafi gida. Amma maganar nan in ta sauka a Gimi ko Paki ko Likoro, wa za ta nuna? Maƙwabci za ta nuna, wanda gobe za a haɗu da shi a bakin rijiya. Bugu da ƙari, ba Kirista kaɗai ke gani ba. Yau sai a yanko minti ɗaya daga wa'azin sa'a biyu, a tura ta waya, samarin Musulmi su gani su hasala, su ɗora laifin kan Kiristan ƙauyensu wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Magana zarar bunu ce, wanda ya zare ta yana nesa, ɗakin da ke yoyo namu ne.

Kada a ce ina tsorata mutane a banza, mun riga mun ɗanɗana. Cikin Maris 1987 gardama kan wa'azi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan ta zama wuta, cikin 'yan kwanaki ta iso Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka rasa rayuka, aka ƙone wuraren ibada. Mutane da yawa sun ɗora wa gidan rediyon Kaduna wani kashi na laifin saboda yadda ya yi ta maimaita labarin, gidan nan kuwa na Gwamnati ne, ba na majami'a ba. Cikin Oktoba 1991 aka yi ta tallan zuwan Reinhard Bonnke Kano, kalmar da ake kiran irin taronsa da ita a Turance kuwa asalinta sunan yaƙe-yaƙen da Turawa suka kai Ƙudus ne, shi yana nufin taron wa'azi, masu ji suka ji wani abu dabam, aka yi asarar rayuka masu yawa. A 2002 kuma rubutu guda a wata jarida ta Ikko ya tā da Kaduna. Duka ukun, magana ce ta yi tafiya ta bar mai ita a baya.

Mudu Ɗaya Ga Kowa

A nan ya kamata mu Musulmi mu dubi kanmu, gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna da tashoshinmu a tauraron ɗan'adam, irin su Sunnah TV da Manara TV, muna da malaman da ake yawo da karatunsu a waya, kuma namu da Hausa ake yi, watau Kiristan ƙauye yana jin kowace kalma ba tare da tafinta ba. A cikin malamanmu akwai masu ilmi da natsuwa, akwai kuma masu zafin baki, akwai masu tallan 'yan takara a kan mumbari, akwai masu tallan magani da sunan addini. Duk abin da muka ce bai dace fasto ya faɗa game da mu ba, bai dace malam ya faɗa game da su ba. In muka auna wa wani da mudun da ba mu yarda a auna mana da shi ba, ba gyara muke nema ba ke nan.

To, ina mafita? Waɗansu suna cewa a hana. A ganina wannan ba hanya ba ce, saboda dalili biyu. Na farko, tsarin mulkin 1999 ya ce a sashe na 10 ƙasa ba ta da addinin hukuma, a sashe na 38 kuma ya ba kowa ikon bin addininsa da yaɗa shi. Hannun da ya rufe bakin fasto yau shi zai rufe na malam gobe. Na biyu, an gwada an gani. Jihar Kaduna tana da dokar wa'azi tun 1984, bayan tarzomar Maitatsine. A 2016 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya kai wa Majalisa ƙudurin sabunta ta, aka yi ta ce-ce-ku-ce, a 2019 wata babbar kotu a Kaduna ta ce tilasta wa masu wa'azi karɓar lasin ya saɓa wa tsarin mulki. Ko da ba haka ba, wane ɗan doka ne zai hau sama ya kamo tauraro? Dokar jiha tana iya kama mai lasifika a kasuwar Maƙarfi, ba ta kama wanda ke magana daga Afirka ta Kudu.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Tun da ba za a iya korar baƙo ba, sai a ƙarfafa masu gida. Shawarata ta farko ga shugabannin majami'u na ƙasar nan ce, Angalikan da ECWA da Baptis da Katolika da sauransu. Littafi Mai Tsarki yana hannunku da Hausa tun 1932, kuna da fastocin da aka haifa a nan, waɗanda suka san gaisuwar Salla kamar yadda suka san ta Kirsimeti. Me zai hana ku haɗa kai ku yawaita shirye-shiryenku da Hausa a rediyo da talabijin da waya? Wanda zai kwana a ƙauyen da ya yi wa'azi ba ya sakin baki. Ku kuma gaya wa mabiyanku a fili abin da ɗariƙarku ta yarda da shi game da baiko da zakka da neman magani, don kada su ɗauka duk wanda ya riƙe Littafi a talabijin bakinku ɗaya da shi.

Ta biyu ga gidajen rediyo da talabijin na Gwamnati. Kuɗin harajin kowa ke riƙe da su, saboda haka a raba lokaci bisa adalci, kada ya zama sai mai kuɗi kaɗai ke samun fili. A keɓe wani lokaci kyauta ga limamai da fastocin ƙauye, a saurari abin da aka ɗauka kafin a sake shi, a ƙi na wanda ya zagi addinin wani ko da nawa zai biya. A kuma riƙa zaunar da su tare gaban jama'a. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, waɗanda a da suke gaba da juna, suka kafa cibiyar sulhu a 1995, sun nuna cewa ganin liman da fasto a tabarma ɗaya wa'azi ne da kansa. Hukumar NBC kuma ta tsaya kan ƙa'idarta game da mu'ujiza da tallan magani, ba sani ba sabo, ko mai rawani ne ko mai kwala.

Ta uku gare ku malaman makaranta, gama ku ne kuka fi kowa iko a wannan al'amari, ko da ba ku sani ba. Yaron da ke fassara wa iyayensa Turancin mai wa'azi ɗalibinku ne, shi ne tafinta, shi ne kuma mai tura hotuna a waya. Ku koya masa tambaya huɗu. Wa ke magana? A ina yake? Me yake so in yi? Wa zai ci riba in na yi? Ku nuna masa yadda ake yanka hoto a haɗa, yadda ake ɗauko tsohon labari na wata ƙasa a ce na jiya ne a Zariya. Ba sai kun taɓa addinin kowa ba, darasin Hausa ko na zaman jama'a ya isa. Kakanninmu da suka fara ganin majigi a ƙofar hakimi, waɗansu sun zaci mutane ne a bayan ƙyalle, sai da malamai da ma'aikatan En'e suka yi musu bayani. Aikin nan bai ƙare ba, ƙyallen ne kawai ya ƙanƙance ya shiga aljihu.

Ta huɗu ga akawuna da sauran ma'aikatan ƙananan hukumomi, da hakimai da dagatai. Ku ne kuka gaji En'e tun da aka yi gyaran 1976, kuma har yanzu talaka yana ɗaukar maganar ma'aikaci da nauyi. Ma'aikacin da ya tura hoton tsokana daga wayarsa ya buga masa hatimin ofis ke nan. In wata magana ta fara yawo, kada a jira sai ta nuna. Hakimi ya kira liman da fasto da shugabannin samari tun da safe, a kalli abin tare, a gane daga ina ya fito, a sanar ran Jumma'a da ran Lahadi cewa wanda ya faɗa ba ɗan garin nan ba ne, ba kuma da yawunmu ya faɗa ba. Wannan ba ya cin ko kwabo, rigakafi kuwa ya fi magani. Bayan rikicin shekara ta 2000, ɗan ƙasar nan ne, Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, ya sha wahalar ɗinke jihar nan, har shugabannin addini suka sa hannu kan takardar zaman lafiya a Kaduna cikin Agusta 2002. Abin kunya ne a ce wuta ta tashi daga mahaifarsa saboda sakaci.

Ta ƙarshe ga kowane mai gida, Musulmi ko Kirista. Ba ka barin baƙon da ba ka sani ba ya wuce zaure ya zauna da iyalinka kai kana kasuwa. To, ka san abin da ake kallo a gidanka. Ka zauna ka ji. In mai wa'azi yana kiran mutane ga tsoron Allah da gaskiya da taimakon maraya, ka bar shi. In ka ga wa'azinsa ba ya ƙarewa sai da lambar banki, ko yana raba mara lafiya da maganinsa, ko yana sa ɗanka ya fara yi wa ɗan maƙwabci kallon abokin gaba, to maɓallin yana hannunka.

Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan tana da isassun matsaloli, ga tsadar taki, ga tumatir na ruɓewa a gona, ga ɓarayin daji waɗanda ba su tambayar mutum addininsa kafin su kore shanunsa. Ba mu da rarar ƙarfin da za mu ɓata kan gardamar da aka ƙulla a wata ƙasa. Mai wa'azin talabijin zai zo ya wuce, in batir ya ƙare ma sai ya yi shiru. Wanda zai ɗebo ruwa ran da gobara ta kama rumbunka shi ne wanda katangarku ɗaya, kamar yadda tsohon nan ya tuna mini. Allah ya ba shugabanninmu na addini da na mulki basira, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.